Nonon Akuyar Inna Tani

Tun da na dawo daga Arewa, wato Arewar Dogon Dutsi da ke cikin Nijar, ƙawayena na kasuwa sun hana ni sakat. Wannan ta leƙo shago ta ce, "Hajiya Rabi, ya mutanen Faransa?" waccan ta aiko 'yarta karɓar tsaraba. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ce. Ga labarin nan duka, wadda ta karanta kada ta ƙara tare ni da tambaya ina tsakiyar auna atamfa.

Kun san na rasa ɗana bara, a hatsarin mota. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun da aka binne shi ban taɓa ganinsa a mafarki ba. Ƙanwarsa ta gan shi yana wanke babur. Maƙwabciyata, wadda ko gaisuwarsa ba ta amsawa da daɗin rai, ita ma wai ta gan shi cikin fararen kaya yana murmushi. Ni da na haife shi kuwa, in kwanta in tashi, kaina fayau. Kuma ɗan fari ne. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban mutane ba, "wannan yaron" nake ce masa kamar yadda aka koya mana. Na yi ta kunya har ƙasa ta rufe shi. Abu ɗaya nake so, in gan shi ko sau ɗaya ne, in san shi ne, in kira shi da sunansa.

Malam ya ce in kwanta da alwala, in yi addu'a, na yi. Likita ya ba ni ƙwayar barci, ita kuwa sai ta ƙara lalata abin, in sha in faɗi kamar buhu har gari ya waye. A nan na tuna da Inna Tani. Mahaifiyata Ba'ariya ce, wato 'yar Arewar can, aure ya kawo ta Zariya, kuma kafin ta rasu takan ba mu labarin ƙanwarta da ke wani ƙauye kusa da Geceme, wadda take gyara wa mutane barci da abinci kawai. A da dariya muke yi. Da abin ya ci tura na daina dariya, na haɗa kaya a tsakiyar damina.

Tsaraba na yi ta a-zo-a-gani: atamfa turmi biyu masu tsada, goro fari ƙal, turaren wuta, sabulai. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Daga Zariya zuwa Sakkwato ba sai na faɗa muku ba. Akwai dajin da in an shige shi direba yakan kashe rediyo, kowa ya ja bakinsa ya kama carbi, har wani mai tallan maganin basir da ya ishe mu da surutu tun Funtuwa ya yi tsit. Na kwana Sakkwato, da safe na hau ta Illela. A kan iyaka aka ce motarmu ba ta wucewa, kowa ya sauka ya nemi babur, wanda su can suke kira kabu-kabu. Wanda ya ɗauke ni ya dube ni ya ce, "Tsohuwa, riƙe da kyau." Na ce masa uwarsa ce tsohuwa. Sai daga baya na gane girmamawa ce a bakinsu, amma lokacin na riga na zage shi tas, shi kuwa yana ta dariya yana faɗa wa ramuka. Wani jandarma, irin 'yan sandansu na can, ya yi mini Faransanci, da ya ga na saki baki ya juya Hausa, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce zumunci. Ta ina zan fara ce wa mai bindiga mafarki na zo nema?

Daga Ƙonni, garin da ke tsallaken iyakar, muka kama kwalta zuwa Dogon Dutsi. Kusa da ni wani dattijo ne Bafillace, ya zauna mini a kan goro har sai da na yi magana. Ya ba da haƙuri, muka shiga hira. Na tambaye shi ko ana samun nono mai kyau a ƙasarsu, don na ji da shi Inna take aiki. Ya ce rani ya yi tsawo bana, dabbobi da yawa sun faɗi kafin ciyawa ta fito, waɗanda suka rage ko 'ya'yansu ba sa ƙosarwa. Na ce Allah ya kyauta, na juya ina kallon gero ta taga. Ya yi kore shar, ya fi mutum tsayi, na ce a raina ai mutanen nan suna cikin alheri. 'Yar birni ce ni, ban san cewa lokacin da gona ta fi kyan gani shi ne lokacin da rumbu ya fi zama fanko ba.

A Dutsi na sauka wurin Zainabu, jikar wani ƙanen mahaifiyata, wadda take aiki a asibiti, sashen auna yara. Yarinya ce mai kirki, sai dai rabin maganarta Faransanci ne, kuma burodinsu dogo kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata ya taho da shi, ku kuma ku ci. Ta ba ni zogale da ƙuli-ƙuli, wanda suke kira kopto, ya yi daɗi ƙwarai. Na tambaye ta ko da gaske abinci yana sa a tuna mafarki. Ta ce wasu suna faɗin cewa wake da ƙwai da gyaɗa da madara suna taimakawa, amma ba ta da tabbas. Abin da ta sani shi ne kowa yana mafarki, mantawa ake yi, kuma wanda barcinsa ya yi nauyi da ƙwaya ya fi kowa mantawa, mai yawan farkawa ya fi kowa tunawa.

Da na buɗe tsarabar ina nuna mata, sai ta ce, "Tanti, da kin rage atamfa guda kin sai masu hatsi. Ga kasuwa nan kusa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, a garinmu ba a kai wa manomi hatsi. In ɗauki buhun gero in kai wa ƙanwar uwata, in ce mata me? Na ji kuna yunwa? Wannan ai zagi ne."

"Bon," in ji ta, "ke kin hi ni sani." Ta naɗe atamfar ta mayar mini cikin jaka.

Motar Geceme sai da ta cika ta batse, da awaki da jarkoki, kafin ta tashi. Bayan mun bar kwalta ta kafe a laka, maza suka sauka suna turawa, mu mata muka tsaya a ƙarƙashin gawo muna ba su shawarar da ba su nema ba. Daga Geceme amalanken jaki ya ƙarasa da ni ƙauyen, ƙuguna kamar an yi mini duka.

Ina ganin Inna Tani na gane ta, don fuskar mahaifiyata ce sak, sai dai an tsotse ta. Ta riƙe hannuna ta yi ta gaisuwa, lahiya, lahiya, har na rasa amsa. Gidan su uku ne: ita, da Hajo matar ɗanta, da 'yar Hajo, Mariyama, wadda ta shekara da 'yan watanni. Ɗan ya tafi haƙar zinariya can arewa, an daɗe ba a ji daga gare shi ba. A bakin danga akwai akuya guda. Na baje tsaraba, suka yi ta godiya, Inna ta shafa atamfar ta ce ko a bikinta ba ta ga irinta ba. Yarinyar tana bayan uwarta, gashinta ja-ja, idanunta manya, ba ta ko motsi. Na ce, "Kai, wannan yarinya akwai haƙuri, ko kuka ba ta yi." Hajo ta ce, "Haka ta ke."

Washegari na faɗa wa Inna abin da ya kawo ni. Na zaci za ta kawo zancen iskoki, don ƙasarsu ta yi suna a wannan fanni. Sai ta ce, "Ɗiyata, wagga ba ta iska ba ce, ta ciki ce. Mi kika ci da dare?" Na lissafa mata: tuwo da miya har in ƙoshi, shayi, goro, sannan ƙwayar likita. Ta kama baki. "Kin danne shi da tuwo, kin rufe da magani, ta ina yaron za shi shigo?"

Ta kafa mini doka. Goro da shayi, daga azahar an gama. Ƙwaya ta karɓe ta ɓoye. Da magariba za a ba ni nonon akuya a ƙaramar ƙwarya da ɗan gero a ciki, da ƙwan zabo ko 'yar gyaɗa, in kwanta ba ƙoshi ba yunwa. Da rana kuma, duk sanda zan sha ruwa in dubi tafin hannuna in tambayi kaina, barci nake ko ido biyu? Ta ce in na saba, wata rana zan yi tambayar a cikin barci, a nan zan gane mafarki nake, in yi abin da na zo yi. Babbar dokar ita ce ta farkawa. "In kin falka, kada ki motsa, kada ki buɗe ido, ko sallama anka yi kada ki amsa. Ki jawo shi sannu awa guga cikin rijiya. Kina motsawa igiya ta tsinke."

A ɗaki ni kaɗai nake cin abinci, kamar yadda ake yi wa baƙo. In na ce su zo mu ci, sai su ce sun riga ni. Nakan ga tukunya a murhu cike da ganyen tafasa, na tambayi Hajo, ta ce marmari ne. Matan ƙauyen sukan shigo kallon Hajiyar Nijeriya. Da suka ji abin da na zo nema, wata mai wushirya ta tuntsire da dariya ta ce, "Mu nan dut dare tuwo muka gani, malmala awa kan jariri, mu kai hannu mu falka. In kina da maganin mantuwa ki ba mu, mu ba ki namu mafalkin." Suka yi dariya, ni ma na taya su. Wallahi na zaci barkwanci ne.

Kwanakin farko ban samu komai ba sai ciwon kai na rashin goro, na yi ta masifa a raina cewa na sha wuyar hanya a banza. Daga baya abubuwa suka fara maƙalewa. Wata safiya na tashi da turmin mahaifiyata a ido, wata safiya da shagona cike da ruwa. Tarkace ne, amma shekara guda ban ga ko tarkacen ba. Murna ta kama ni, na ce wa Inna maganinta yana ci, ko za a ɗan ƙara mini nonon don abin ya yi sauri? Ta ce, "To, ɗiyata." Hajo tana zaune tana tsinke ganye, ta sunkuyar da kai. Daga ranar ƙwaryar ta riƙa zuwa a cike.

Ranar da abin ya faru, gab da asuba ne. Na ga kaina a tsakar gidanmu na Zariya zan sha ruwa a randa, na dubi hannuna, sai na ga yatsun ba su tsaya wuri ɗaya ba. Na ce, Rabi, barci kike. Na ɗaga kai, ga shi zaune a kan tabarma ya ba ni baya, da rigar nan tasa mai yagaggen aljihu, da tabon da ya samu a ƙeya tun yana koyon keke. Kunyar ta taso mini har wuya, a mafarkin ma. Na haɗiye ta na ce, "Nasiru." Ya juyo. Ya ce, "Na'am, Umma," kamar kullum nake kiransa. Na kalle shi, na ƙoshi da kallo. A cinyarsa akwai ƙaramar ƙwarya ya riƙe da hannu biyu, bai sha ba, bai miƙo mini ba.

Na farka hawaye na bin kunnena, na tuna doka, ban motsa ba, ban buɗe ido ba. Ina jawo shi sannu, rigar, tabon, muryar. Saboda na yi lamo suka zaci barci nake, sai na ji magana ƙasa-ƙasa a bayan zana.

Hajo ce take cewa, "Inna, ta amayar da kunun kuma. Ni ba ni da ruwan nono, kin sani. Ko kaɗan ne a rage mata na akuyar yau."

Inna ta ce, "Baƙuwa ta hwara sha. Ɗiyar yayata ta zaka tun daga Zariya da ciwon ɗa, in ce mata babu? Ki ƙara haƙuri, ta kusa samu."

Zan faɗa muku yadda abin ya kasance. Na ji su sarai, na kuma gane komai a lokaci guda, ganyen tafasa, da dariyar matan nan, da haƙurin yarinya. Amma ban tashi nan take ba. Na ci gaba da kwanciya ido rufe har sai da na tabbatar na kama fuskarsa ba za ta kuɓuce ba, sannan na miƙe. Ba wani dogon lokaci ba ne, amma na san na yi shi.

Na fito na kwance yarinyar daga bayan uwarta. Tun da na zo ban taɓa ɗaukarta ba, kullum tana cikin zane. Ba ta kai nauyin turmin atamfa ba. Ƙafafunta sun kumbura, fatar cinyarta ta yi yaushi. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce don me ba ku faɗa mini ba? Inna ta ce, "Ana hwaɗa wa baƙo haka?" Ni da na ƙi sayen gero don kada in kunyata su, su kuma sun ɓoye yunwa don kada su kunyata a gabana, yarinyar tana tsakiya.

Zanen goyon Hajo ya ɓaci da zawo, na yage ɗaya daga cikin atamfofin da na kawo muka goya ta da shi. Amalanke ya kai mu Geceme, ma'aikacin asibitin ya duba ta ya ce a wuce da ita Dutsi maza. A Dutsi Zainabu ce ta karɓe ta, ta zagaya mata wani ɗan ma'auni a damtse, ta dubi inda ya tsaya, ta dube ni. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ranar na shiga kasuwar nan da ta nuna mini tun farko, na sayi gero da wake na aika ƙauye.

Sun yi iya ƙoƙarinsu, na gani da idona. Aka sa mata madara ta hanci, kwana biyu kamar za ta farfaɗo, har ta riƙe yatsana. Sai zazzaɓi ya shigo, wata rana da hantsi ta cika. Zainabu ta ja ni gefe ta ce yunwar ta daɗe a jikinta tun kafin in zo, ga zawo ga cizon sauro, ba nonon 'yan kwanaki kaɗai ba ne. Wataƙila gaskiya ta faɗa, wataƙila tausayina ta ji. Ni dai na san abin da na sha, na kuma san bakina ne ya ce a ƙara.

A Dutsi aka binne ta. Na raka Hajo gida, tana rungume da atamfar nan a ninke a cinyarta har muka isa. Buhun geron ya riga mu isa, yana jingine a ɗaki, an buɗe shi ana yi wa masu gaisuwa fura. Da mutane suka ragu na durƙusa gaban Inna zan nemi gafara. Ita ce ta riga ni.

"Ɗiyata, ban tambaye ki ba. Kin gan shi?"

Na ce, "Na gan shi, Inna."

"Kin kira shi?"

"Na kira shi. Ya amsa."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To alhamdulillahi. Nonon bai tahi banza ba." Hajo tana bakin ƙofa tana jinmu.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, ban ga komai ba. Ina aika musu hatsi yanzu ta hannun Zainabu, ba na kuma tambayar kowa ko zagi ne.

Masu cewa in koya musu dabarar Inna saboda suna son ganin iyayensu da mazajensu, ga ta nan na faɗa, tana aiki, aƙalla a kaina ta yi. Nasiru yana zuwa yanzu a kai a kai, ina sane mafarki nake, ina kiran sunansa yana amsawa. Ƙwaryar tana cinyarsa kullum, kuma ban taɓa iya tambayarsa ta wace ce ba. Tun da na dawo tuwo nake ci da dare har in kasa numfashi, in kora da shayi mai kauri, in tauna goro, ina farkawa in yi zumbur in miƙe in kunna rediyo, duk don in tashi ban tuna komai ba. Har yau bai yi aiki ba.